Agogon Mai Na Jirgin Ruwa: Shaidarsa Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Akwai wata 'yar allura a gaban mai tuƙin jirgin ruwa na inji wadda mutane da yawa suka danƙa wa amanar rayukansu, alhali kuwa ba ta cancanci wannan amana ba. Muna nufin allurar agogon mai, wanda direbobi ke kira geji. Masu ƙananan jiragen yawon shan iska, ko na tafkunan Amurka da gaɓar tekun Ingila, ko na nan gida a tafkin Kainji da na Jabi da ruwan Ikko, kukansu ɗaya ne. Agogo ya ce da sauran rabin tanki, sai inji ya yi tari ya mutu a tsakiyar ruwa. Mu a ganinmu laifin na agogo ne kaɗan, na mai jirgi ne da yawa, domin ya karɓi maganar shaida ɗaya tak bai nemi na biyu ba.

Mu fara duba abin da ke cikin al'amarin na hatsari. In mai ya ƙare wa mota, direba ya kauce gefen hanya, ya ɗauki galan ya nufi gari da ƙafa. Jirgin ruwa ba shi da gefen hanya. In a kogin Kwara ne, ruwa ya tafi da shi inda ya ga dama, har kan duwatsu. In a Kainji ne, wanda aka gama madatsarsa a 1968, tsawon tafkin ya wuce kilomita 100, hadarin damina kuwa yakan taso da maraice ba sallama. In kuma a bakin tashar Ikko ne, kan hanyar zuwa Tarkwa Bay, to, jirgin da ya mutu ya tsaya ke nan a hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa. A cikin jirgin nan galibi akwai mata da yara waɗanda aka fito da su don su ji daɗi.

To, me ya sa agogon ke kuskure? Dalili na farko shi ne, agogon nan zurfin mai yake aunawa, ba ya san yawansa. A cikin tanki akwai wani ɗan abu maras nauyi da ke iyo a kan mai, in mai ya sauka ya sauka tare da shi, shi ne kuwa ke aika labari ta waya zuwa ga allura. Da tankin kamar akwati yake, da rabin zurfi ya zama rabin mai. Amma tankin jirgi sau da yawa akan ƙera shi ne ya bi fasalin cikin jirgin, watau sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Kowane malamin lissafi yana iya gwada wa almajiransa wannan a kan allo: in gefuna biyu na tanki sun haɗu a ƙasa kamar harafin V, rabin zurfi rubu'in mai ne kawai. Watau tankin lita 120 da allura ta ce rabi ne, lita 30 ta rage a ciki. Wannan ne ya sa masu jirgi ke cewa rabin farko yana daɗewa, rabi na biyu kuwa kamar an tsiyaye shi.

Dalili na biyu, jirgi ba ya zama daidai a kan ruwa. Sa'ad da aka ba shi wuta hancinsa yakan ɗaga, mai ya koma baya. In abin iyon nan a baya yake, allura ta hau, ta nuna arzikin da babu shi. In a gaba yake, ta faɗi. Ga kuma igiyar ruwa tana kaɗa man gaba da baya, ga fasinja sun taru a gefe guda. Saboda haka karatun agogon da za a kula da shi, shi ne wanda aka yi jirgi yana tsaye cik a ruwa mai kwanciya. Sa'an nan a tuna bututun da ke zuƙo mai bai kai gindin tanki sosai ba, akwai ragowar da inji ba zai taɓa samu ba ko da tana nan.

Dalili na uku na lantarki ne. Tsari biyu ne suka fi yawa a duniya, kuma sun saɓa wa juna. A tsarin Amurka, abin awon cikin tanki yana ba da om 240 in mai ya ƙare, 33 in ya cika. Om shi ne ma'aunin tirjiyar da wutar lantarki ke gamuwa da ita a hanyarta. A tsarin Turai kuwa, kusan sifiri ne in ya ƙare, wajen 180 in ya cika. In makaniki ya haɗa agogon wannan tsari da abin awon wancan, allura sai ta riƙa tafiya a juye, tana hawa mai yana raguwa. Wannan yakan faru ga jiragen da aka sayo na hannu aka yi ta canza musu kaya. Ban da haka, danshi da gishirin teku suna cin bakin wayoyi. A tsarin Amurka, in waya ta tsinke allura takan kwanta kan babu, in ta goge ta taɓa ƙarfe ta tsaya kan cike. A tsarin Turai tsinkewar waya ce ke nuna cike, wannan kuwa ita ce ƙaryar da ta fi muni. Shi kansa abin iyon yakan tsufa ya sha mai ya nutse, ko ya maƙale wuri ɗaya.

Wani zai ce, ai magani a fili yake, a sayi sabon agogo a huta. Gyara wajibi ne, ba mu musa ba. A sa wanda ya san aikin ya duba wayoyi, ya kankare tsatsa, ya auna abin awon ya tabbata tsarinsa ɗaya da na agogo. A kuma cire batir kafin a buɗe tanki, kada a kusanto da wuta ko taba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a gindin jirgi yana jiran tartsatsi. Amma sabon agogo ma zurfi zai auna, tankin kuwa fasalinsa bai sake ba. Akwai kuma na'urar zamani da ke ƙidaya kowace lita da ta wuce zuwa inji, tana da kyau ƙwarai, sai dai ita ma dole mutum ya gaya mata abin da ya zuba, in ya manta ko ya yi kuskure, ta bi shi a kan kuskurensa.

Abin da muke kira a yi, duk akawun da ya taɓa riƙe kuɗi ya san shi. Ba a yarda da jimlar littafi sai an ƙirga abin da ke cikin akwati, ba a kuma yarda da akwati sai an duba littafi. Shaida na biyu ita ce sanda. Ran da tanki ya kusa ƙarewa, a tsai da jirgi daidai, a riƙa zuba lita goma goma, kowace zubawa a tsoma busasshiyar sanda mai tsabta a yi mata tsaga, a kuma rubuta inda allura ta tsaya. A manna takardar kusa da agogo. Daga ranar mutum ya san ma'anar rabi a nasa jirgin. Gani ya kori ji. Mai ƙaramin tankin ɗauka na lita 25 shi nasa da sauƙi, ya buɗe ya leƙa, ko ya ɗaga ya ji nauyi.

Wasu jiragen bututun zuba mansu a lanƙwashe yake, sanda ba ta shiga. Nan ne shaida na uku ke aiki, watau littafi. A cika tanki fal, a rubuta. A rubuta sa'o'in da inji ya yi yana aiki. In aka komo a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da yawan sa'o'in, an sami abin da inji ke sha a sa'a guda. Kafin a sami nasa adadin, akwai ƙiyasin da masu jirgi suka daɗe suna aiki da shi: injin fetur in an buɗe masa wuta duka, kowane ƙarfin doki goma yana shan wajen galan ɗaya na Amurka a sa'a, watau kusan lita huɗu. Inji mai ƙarfin doki 40 ke nan yana shan wajen lita 15.

Sai dai sanda da littafi ba su da amfani in lissafi ya karkace. Ran 23 ga Yuli 1983, wani jirgin sama na Air Canada, ƙirar Boeing 767, ya tashi daga Montreal zai tafi Edmonton, agogon mansa ba ya aiki. Aka auna tankuna da sanda yadda ya kamata, aka sami adadin lita. Wajen juya lita zuwa nauyi sai aka yi aiki da adadin laba a maimakon na kilo. Ana bukatar kilo 22,300, jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin haka ba. Injunansa biyu suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa da shi ba inji har suka sauka a wani tsohon filin sojan sama a Gimli, cikin lardin Manitoba na Kanada. Mutum 69 ke ciki, Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasu. Mai jirgin ruwan da littafin injinsa ke magana da galan, shi kuwa da lita yake sayen mai, ya kamata ya yi tunani a kan wannan labari. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5.

Bayan duk wannan akwai ƙa'idar kashi uku, wadda ake koya wa masu ƙananan jirage a ƙasashe da dama: sulusi na tafiya, sulusi na komowa, sulusi na ajiya. Mai tankin lita 90 da injin da ke shan 15 a sa'a, iyakarsa sa'a biyu ya juyo, ko allura ta ce me. A kogi kuma ya fara da haurawa, domin in ya fara da gangara, komowar za ta ci mai fiye da tafiyar.

Muna roƙon hukumomin da ke kula da wuraren shaƙatawa na bakin ruwa su sa a riƙa tambayar masu jiragen haya littafin mansu, kamar yadda ake tambayarsu rigunan ceto. Malaman makaranta kuma ga darasin lissafi ya zo musu har gida, na rabo da sulusi da juya galan zuwa lita. Kai kuma mai karatu, in aka gayyace ka yawo a jirgi kai da iyalinka, kafin ka sa ƙafa tambayi mai tuƙi lita nawa ya zuba yau, nawa kuma injinsa ke sha a sa'a. In amsarsa ita ce ya nuna maka allura da yatsa, ka roƙe shi ya ɗauko galan na ajiya tukuna.