Adireshin da ya tsinke a hanya

Ma'aikacin da ke rubuta porogaram a biro, a Gidan Rumji ko Gazawa, yakan so ordinatar ta buɗe shafin intanet da kanta, misali shafin rasit na ɗan kasuwa. A Windows, umurnin start ne ke wannan aiki. Amma in adireshin na ɗauke da alamar &, nan yake tsinkewa, domin ana ɗaukar abin da ya biyo bayanta a matsayin sabon umurni. Sai lambar rasit ta ɓace.

Magani shi ne a rufe adireshin tsakanin alamomin zance. Nan ma akwai tarko: abu na farko da ke cikin alamomin, start na ɗaukarsa sunan taga. Shi ya sa ake rubuta start "" "adireshi".

Sakaci a nan yana da tsada. A Yulin 2007 an gano Internet Explorer na miƙa wa Firefox adireshi ba tare da tace alamomin zance ba, abin da ya buɗe wa mugaye ƙofar cusa nasu umurni. Mozilla ta toshe ƙofar da Firefox 2.0.0.5. Adireshin da ya fito daga hannun baƙo, a tace shi kafin a miƙa.