Motoci masu fetur da lantarki: Ko za su karɓu a kudancin Kano?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200, har ya zarta naira 1,000 a shekarar 2024. Wannan ya sa hankali ya fara karkata ga motocin nan masu inji biyu, waɗanda ake cajin batirinsu da wutar lantarki, su koma shan fetur idan cajin ya ƙare.

To amma ga direban da ke jigilar masara da fasinjoji daga Doguwa da Tudun Wada, ko mai lodi a Kwanar Ɗangora ta ƙaramar hukumar Kiru, lissafin ba mai sauƙi ba ne.

Matsalar farko ita ce kuɗin saye. Akasarin motocin hayar yankin tsofaffin Golf da Sharon ne 'yan Kwatano, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa ko su ɗin sun yi tsada, balle sabuwa fil daga China. Ko da yake a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan motocin lantarki, wanda ba shi da hanyar samun rance ba zai iya zuba miliyoyi yau, don ya jira rangwamen mai na shekaru ba.

Ta biyu kuma, batirin yawancin irin waɗannan motoci kan ƙare ne bayan tafiyar kilomita 40 zuwa 80, alhali daga Doguwa zuwa birnin Kano ta haura kilomita 100. Sauran tafiyar da fetur za a yi ta, ga kuma nauyin batiri.

Sai kuma uwa uba wutar kanta. Duk da cewa madatsar ruwa ta Tiga, inda gwamnatin jihar ta gina tashar lantarki mai megawat 10, tana cikin ƙaramar hukumar Bebeji, ƙauyuka da dama na yankin ba su da tsayayyiyar wuta. Wanda ya yi caji da janareta kuwa, fetur ɗin da ya gudu shi ya sake saya.

Saboda haka, wanda motar za ta fi yi wa rana shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai gajeriyar tafiya, wanda ke da sola a gidansa. Sauran jama'a kuwa da wuya su yi sha'awa, sai ranar da wuta ta zauna, aka samu rance, kuma makanikan Tudun Wada suka san kan batirin.