Bulo da Siminti Ba Sa Koyar da Karatu

Duk ƙarshen shekara, idan gwamnoni suka fara zarya zuwa majalisun dokoki ɗauke da akwatin kasafin kuɗi, akwai wata waƙa da muka saba ji har mun haddace ta. Gwamna zai miƙe ya ce ilmi ne ya sami kaso mafi tsoka, a ɓarke da tafi, washegari jaridu su buga da manyan baƙaƙe cewa an kama hanyar raba jama'a da talauci. To, yau kam sai dai masu tafin su yi mini haƙuri, cikinsu kuwa har da wasu 'yan'uwana marubuta, domin na daɗe ina lura da yadda alƙalumanmu ke taka rawa duk lokacin da aka kaɗa wannan ganga.

Bari mu fara da layar da kowa ke ratayawa, wato kashi 26 cikin ɗari. Ɗan siyasa, malamin jami'a, shugaban ƙungiyar ɗalibai, kowa ya buɗe baki sai ya ce wai hukumar UNESCO ce ta wajabta a bai wa ilmi kashi 26 na kasafi. Abin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kuwa kashi 4 zuwa 6 na dukkan arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Gwamnatin tarayya ko kusa da wannan ba ta je ba, domin daga 2016 zuwa 2023 kason ilmi yana yawo ne tsakanin kashi 5 zuwa 8 da 'yan kai. Wannan abin kunya ne, ba na musu. Amma wanda ya ɗauka cewa da zarar lamba ta hau shi ke nan an warke, to bai san inda gizo ke saƙa ba. Warewa a takarda daban, sakin kuɗin daban, abin da aka yi da su bayan an sake su kuma daban. Jihohi nawa ne a Arewa suka sha shelar ware wa ilmi kashi ɗaya bisa huɗu na kasafinsu ko fiye? A Kano an yi bikin ilmi kyauta kuma dole a 2019, amma a watan Yuni na 2024 gwamnan da ya biyo baya sai da ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmin nan dai, yana kukan yara na zaune a ƙasa. Ashe shela ba ta zama benci ba.

Mai karatu, zo mu bi sawun kuɗin mu ga inda suke maƙalewa. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce a riƙa zuba kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a hukumar UBEC, jiha kuma ba za ta ɗauki kasonta na tallafin haɗin gwiwa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihohi da yawa suka ƙi ajiyewa, har a 2024 hukumar da bakinta ta koka cewa fiye da naira biliyan 100 na kwance babu mai ɗauka. Waɗanda suka ɗauka fa? Mafi yawan kuɗin gini suke tafiya: katanga, ƙofar ƙarfe, ajujuwa biyu da ofis, a shafe su da fenti mai kalar jam'iyya, a rubuta sunan mai girma a jiki. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gini yana da ɗan kwangila, yana da la'ada, yana da ranar yanke ƙyalle da masu ɗaukar hoto. Malamin da ya koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ba wanda zai ci ko sisi a kansa, ba kuma a gayyatar gidan talabijin ranar da yarinya 'yar aji biyu ta fara karanta sunanta.

Shi wannan malami, wa ya damu da shi? Albashinsa yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi, kason da gwamnoni suka shekara da shekaru suna riƙe da wuyansa ta asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki a watan Yuli na 2024. A Abuja kanta, a ƙofar gidan sarauta, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a shekarar da aka yanke shi bai sayi buhun shinkafa ba. In haka ta faru a can, ina ga malamin da ke wani ƙauye a bayan Gumi ko Birniwa? An rufe kwalejojin horon malamai na Giredi Tu da suka fito da waɗanda suka koyar da mu, aka ce sai mai NCE, daga nan kuma aikin koyarwa ya koma ladan yaran 'yan siyasa da mafakar wanda ya rasa abin yi. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin tambayoyin 'yan aji huɗu. Mutane suka yi ta dariya suna yawo da takardun amsoshinsu. Ni ban ga abin dariya ba. Wa ya ba su takardun shaida? Wa ya ɗauke su aiki? An kori malaman, amma ba mu ji an kori ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardun ɗaukarsu ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Yanzu in juyo kanmu, domin wannan magana ta fi shafarmu fiye da yadda muke zato. Mu marubutan Hausa, kowane ɗayanmu ɗan kuɗin gwamnati ne da aka kashe a kan ilmi, ko ya sani ko bai sani ba. Gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, hukumar talifi ta gwamnati ce ta shirya ta a ƙarƙashin Rupert East, domin an rasa abin da za a bai wa 'yan makaranta su karanta. Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne a Bauchi. Ba yabon Turawa nake yi ba, makarantunsu 'yan ƙalilan ne, mafi yawa kuma 'ya'yan sarakuna da na manya suka amfana. Amma sun gane abu ɗaya, cewa aji ba littafi kango ne. Haka kuma da aka tashi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ba ajujuwa kawai aka buɗe ba, sai da aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954 ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano, don kada wanda ya koyi karatu da daddare ya manta kafin damina ta wuce.

Sai kuma UPE ta 1976. An zage ta, kuma ta cancanci wani zagin, don an yi ta cikin gaggawa, yaran da suka zo sun zarce lissafi, an kwaso malamai ido rufe. Duk da haka ta buɗe ƙofa ga ɗan talaka da 'yar talaka da ba su taɓa mafarkin riƙe fensir ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Kano, matan aure suka cika ajujuwa, har UNESCO ta yaba wa hukumar. Ku ƙirga shekara goma daga 1976, ku ga abin da ya faru. Su wa suka cika shagunan littattafai na Sabon Gari suna sayen littattafanmu, suna ba da haya, suna rubuto wasiƙu? 'Yan UPE ne da ɗaliban ajin manya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta ajin manya ta dawo ta zama marubuciyar da ake fassara aikinta a ƙasashen waje. A kan wannan karatu ne mai buga tafireta ya ci abinci, da mai maɗaba'a, da mai zanen bango, da dillalin da ke kai littafi Maraɗi da Damagaram, daga baya kuma sana'ar fim ta tsiro a gefe. Ba wani gwamna da ya taɓa rubuta wannan a kasafinsa, amma ga rage talauci nan a fili wanda ido ya gani. Sai tsarin SAP na 1986 ya zo ya karya darajar naira da ta albashin malami, aka fara janye hannu daga makarantar gwamnati, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Daga ranar da ɗan kwamishina ya daina zama benci ɗaya da ɗan mai gadi, babu wanda ya sake tambayar ko akwai alli a ajin.

Na san akwai masu cewa, to ina amfanin bokon, ga masu digiri nan suna tuƙa A Daidaita Sahu? Tambayar tana da nauyi, amma ta kauce hanya. Ba digiri ake magana ba. Ana maganar manomi ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar maganin feshi, uwa ta gane awon maganin da aka rubuta wa jaririnta, mai shago ya riƙe littafin bashi, mai tura kuɗi ta waya ya san abin da aka cire masa ba sai ya miƙa wa wani yaro ya duba masa ba. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamba 2022, mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗarinsu a Arewa. Sakkwato ce a sama da kashi 91, Ondo ce a ƙasa da kashi 27. Ondo kuwa tana cikin tsohuwar Jihar Yamma inda Awolowo ya fara firamare kyauta tun 1955. Ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar harshe. Yaro ya taso a gidan da ba a jin ko "kam", a kai shi aji ɗaya, malamin da shi kansa Turancin bai zauna masa ba ya riƙa rera masa abin da su duka biyun ba su fahimta, a yi shekara shida ana amshi, ya fito bai iya Turanci ba, bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarabanci tsawon firamare a Ife tun daga 1970, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Ba a wadata makarantu da littattafan ba, ba a horar da malaman ba, sai ga shi a Nuwamba 2025 ministan ilmi ya soke tsarin, wai shi ya jawo faɗuwa jarrabawa. Yaya za a yi shukar da ba a yi ba ta ɓata gona? Mu kuma da harshen nan ne jarinmu da abincinmu, rassanmu nawa ne suka ce uffan?

Haka aka yi da makarantun tsangaya fiye da 150 da gwamnatin Jonathan ta gina, wadda aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012. An gina, an yanke ƙyalle, aka miƙa wa jihohi, da yawansu suka zama kufai saboda babu tanadin abinci da albashi. Almajirai na nan a bakin tasha inda aka same su.

'Yan'uwa, ba zan rufe baki ban taɓa inda ke mana ƙaiƙayi ba. Mun mayar da bikin ƙaddamar da littafi wurin roƙo. Mu gayyato kwamishina, mu zaunar da shi a babban tebur, mu kira shi gwarzon ilmi, ya yi alkawarin sayen kwafi goma a kan kuɗin da rabinsu ba za su fito ba, mu koma gida muna murna. Wannan kwamishinan ne makarantun da ke ƙarƙashinsa ba su da littafin karatu ko ɗaya a aji uku. Muna kuka kullum cewa kasuwar littafi ta mutu, muna ɗora wa waya da fim laifi, alhali masu karatun ne ba a haifa ba. Yaron da ya gama firamare bai iya haɗa jimla ba, ba zai taɓa sayen littafinka ba ko da kyauta ka ba shi.

Ga abin da nake nema daga kowane reshe na ƙungiyar nan kafin fitowa ta gaba. Mambobi biyu ko uku su je firamaren gwamnati mafi kusa da inda suke taro, su gaisa da hedimasta cikin mutunci, domin shi ma abin tausayi ne. Su ƙirga yara nawa ne a aji uku, malamai nawa ne a rajista, nawa ne suka zo ranar, littattafan karatun Hausa nawa ne a hannun yara. Su ɗauki yaro goma su ba kowanne layi uku ya karanta. Sannan su nemi kasafin jiharsu na bara, su duba nawa aka ware wa sayen littattafai, nawa aka saki. A aiko wa Edita, a buga lambobin gefe da gefe, da sunan gari da na ƙaramar hukuma. Duk kwamishinan da muka sake gayyata bikin ƙaddamarwa, a miƙa masa kwafin wannan shafi kafin a miƙa masa makirfo.