Kafin ɗanki ya shiga ruwa

Uwargida, idan ɗanki na burin zama sojan ruwa, horon kurata a Onne ta jihar Ribas ya haɗa da iyo. Don haka kada ki yi mamaki in ya fara sulalewa daga Ɗan Iya zuwa madatsar Gubi don ya koya.

Ba na cewa ki hana shi. Amma ki san abin da yake sha. Piriton na mura yana kawo gyangyaɗi da kasala. Tiramadol kuwa na iya tayar da farfaɗiya, wadda in ta kama mutum a ruwa sai dai Allah ya kiyaye. Ranar da ya sha ɗayansu, kada ya kusanci ruwa. Sauran ranaku ma sai da babban da ya iya iyo a gefensa.

In daga baya ya ga jini a fitsari, a je asibiti a duba tsargiya.