Bututun Ƙarƙashin Teku: Kada A Sassauta Gwaji

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko, ko Fatakwal, ko Warri, ya saba ganin manyan motoci ɗauke da bututan ƙarfe suna fitowa daga bakin tashar jiragen ruwa. Wasu ma su ne direbobin, wasu masu dako, wasu masu gadin inda ake jibge su. Amma kaɗan ne suka san irin wahalar da ake sha kafin bututu ɗaya ya cancanci a nutsa shi cikin teku domin ya ɗauki iskar gas.

Bututun teku ba irin na ruwan famfo ba ne. Ana ɗauko fallen ƙarfe mai kauri, injin ya lanƙwasa shi har bakunansa biyu su haɗu, a yi masa walda ciki da waje, sannan a ɗan buɗa shi daga ciki domin kewayensa ya daidaita. Daga nan sai gwaji. Ana cika kowane bututu da ruwa, a matsa shi fiye da matsin da zai sha a bakin aiki. Ana bin layin waldar da na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe tana sauraron amsa-kuwwarsa, ana kuma ɗaukar hotonsa kamar yadda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi, don kuwa tsagar da ido ba ya gani ita ce mai kisa. Har gutsure ake yanka daga jikin ƙarfen, a sanyaya shi, a doke shi, a ga ko zai lanƙwashe ko zai tarwatse. Wanda ya ci jarrabawa shi ake shafa wa maganin tsatsa, a lulluɓe shi da kankare domin nauyi ya zaunar da shi a ƙasan teku. A can kuwa, gas na tura shi daga ciki, ruwa na danne shi daga waje, kuma kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara masa matsi kwatankwacin na iskar sararin duniya.

Wannan magana ba ta nesa ba ce. Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, ya tashi daga Itoki kusa da Ikko, ya bi ta teku ya wuce gaɓar Binin da Togo har Takoradi a Ghana. A watan Agusta na 2012 angar wani jirgin ruwa ta fasa shi daura da Lome. Sai a 2013, bayan kusan shekara guda, gas ya sake gudana, Ghana kuwa ta sha duhu a tsakanin nan. Laifin ba na maƙera ba ne a wannan karo, amma ya nuna tsadar gyara a ƙarƙashin ruwa. Ɓarnar da anga ta yi, mummunar walda ma za ta iya yin ta.

Ba shakka abin takaici ne ƙasa mai arzikin gas kamar Nijeriya ta dogara ga ƙetare wajen irin wannan ƙarfe. An fara gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, an buɗe ta Aladja a 1982, amma burin bai cika ba. Dokar 2010 da ta wajabta fifita kayan gida a harkar mai da gas doka ce mai kyau, kuma jaridar nan tana goyon bayanta. Sai dai akwai masu son fakewa da ita su ce a ɗaga wa kayan gida ƙafa wajen gwaji. Teku ba ta san bututun gida da na waje ba.

Tun 2016 Nijeriya da Maroko suka amince da shimfiɗa wani bututun da zai bi gaɓar teku dubban kilomita. Kafin a kai ga sayen ƙarfensa, wajibi ne gwamnati ta tsaya kan abu biyu. A horar da 'yan ƙasa aikin walda da aikin duba ta, har da matasan Arewa da ke garuruwan bakin teku suna neman sana'a. Sannan masu gwaji su kasance ba ɗan kwangila ne ke biyan su ba, kuma kowane bututu ya shiga ruwa da lambarsa da takardar sakamakon gwajinsa a ajiye.