Gaɓar Ƙafar Mota Ba Abin Wasa Ba Ce

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙarfe ne wanda bai fi dunƙulen hannu ba, amma rayukan mutane na rataye a kansa.

Ina da wata tsohuwar Hilux ta 2006, mai ja da ƙafa huɗu, da ita nake ɗauko hatsi daga gona. Da damina na fara jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba in ta faɗa rami, sitiyari yana rawa, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Na yi ta cewa gobe, har ran nan makaniki ya ce, "Malam, kana wasa da ranka."

Abin da makanikai ke kira boljoyin gaɓa ce irin ta ƙugun mutum, dunƙulen ƙarfe yana juyawa cikin ƙoƙonsa. Kowace ƙafar gaba tana da biyu, ta sama da ta ƙasa, watau huɗu ke nan. Da giris a ciki, roba ta rufe shi. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da robar ta yage, yashi da ruwa sun samu hanya, su yi ta cin ƙarfen har ya saki. Ran da ya fice, ƙafar sai ta karye ƙarƙashin mota, ko ana cikin gudu. Allah ya kiyaye!

Ga yadda ya gwada. Ya sa jak ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sai ga ta tana motsi. Ya kwance, ya fitar da tsofaffin, ya sa sababbi dama da hagu, domin tare suka tsufa. Ya ɗaure noti sosai, ya kulle shi da sabon fil. Daga nan muka tafi aka yi saitin ƙafa, don kada taya ta ci gaba da cinyewa.

An nuna mini jabu a rabin kuɗi, na ƙi, don araha ba ta ado.

Saboda haka ina roƙon direbobi da masu motoci, in kun ji wannan ƙara kada ku jira gobe kamar yadda na yi. Ku tuna da bayin Allah da kuka ɗauko a baya.

Haza wasalam.