FILIN MATA: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Wata 'yar makaranta ta rubuto mini daga Wara, cikin ƙasar Ngaski. Ta ce an zaɓe ta cikin masu tseren makarantarsu, ta yi kwana shida tana gudu safe da yamma. Yanzu ga ƙwaurinta yana ciwo, uwarta kuwa ta ce ta bar wannan aiki na maza. Tana tambaya, ta bari ne, ko ta daure?

'Yata, kada ki bari, kada kuma ki daure wa ciwo. Laifin ba na gudu ba ne, na gaggawa ne. Numfashi ya kan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun yi watanni. Shi ya sa mai koyo ta kan ji ƙarfi a ƙirji, ta ƙara wuta, alhali ƙafa ba ta shirya ba.

Ki huta tukuna har ciwon ya tafi. In kin danna wuri guda a ƙashin kin ji zafi, ko ya kumbura, ko kina ɗingishi, to, a kai ki asibiti.

Sa'an nan ki soma haka. Kwana uku kaɗai a mako, da hutun kwana guda a tsakani. Ki fara da tafiya mai sauri minti 5, don jiki ya ɗumama. Sai gudu minti 1, tafiya minti 2, ki maimaita har sau 8. Gudun ya zama sassarfa, watau wanda za ki iya yi wa ƙawarki magana kina cikinsa. Kowane mako ki ƙara kaɗan, misalin kashi ɗaya cikin goma. Ran da kika iya minti 20 ba tsayawa, sa'an nan ki nemi sauri. Rana guda a mako ki zura mita 100, ki dawo da tafiya, har sau 4. Ba a ɗora jinka sai gini ya bushe.

Ki dubi masu tuƙin kwalekwale ran Rigata a Yawuri. Damtsen nan ba ran biki suka samu ba, tun suna yara su ke tuƙi a Kwara.

Ki fita da sassafe, tun ba da bazara ba, ke da ƙawarki, da iznin gida. Filin makaranta ya fi kwalta sauƙi ga ƙafa, zurfin yashin bakin tafki kuwa ya kan gajiyar da agara. Ki sa takalmin kambas mai igiya, ban da silifa. Ki sha ruwa kafin ki fita, da bayan kin dawo. Kada ki faɗa ruwan bakin tafki don ki huce, nan a ke ɗaukar tsargiya.

Ke kuma uwar yarinya, ki kwantar da hankalinki. A 2022 wata 'yar Nijeriya, Tobi Amusan, ta zo ta ɗaya a duniya wajen tseren tsallake shinge na mita 100 a ƙasar Amurka. Ita ma haihuwarta aka yi. Naki shi ne tukunya. Budurwa mai ganin wata tana bukatar abin da zai ƙara mata jini, ga kifi a ƙofar gida, ga wake, ga zogale, da hanta in ta samu.

'Yata, ran da kika yi tseren ki rubuto mini, ko da ke ce ta ƙarshe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.